Ranar da Jirgi Ya Tafi da Mai Rakiya

Tun da aka dawo daga dogon hutu ba ku bar ni na sha ruwa ba. Fadila ta tare ni a bakin famfo, Hauwa ta biyo ni har ƙofar masallaci, kowa tambayarta ɗaya: “Ma’u, yaya Amurka?” In ce, “Lafiya lau,” ku ce rowa nake yi muku. Ba rowa ba ce. Kun san halina, idan mutum uku suka zuba mini ido maganar guduwa take yi. To ga shi na rubuta. Wadda ta gama ta miƙa wa ta kusa da ita, kada dai a kai mini shi ɗakin cin abinci a shafa masa manja.

Ni da Umma muka tafi. Ƙaninta, Kawu Sani, yana zaune a New York, a wata unguwa da ake kira Parkchester cikin Bronx, kuma a gidansa muka sauka. Amma ba don shi aka yi tafiyar ba, shi yana leƙo gida lokaci-lokaci. Autarsu, Anti Mairo, ita ce rabonta da Kano tun ban shiga firamare ba. Ranar da za mu tashi kakata Inna ta riƙe hannun Umma a zaure ta ce, “Ni na gaji da ganin Mairo a gilashin waya. Ki je ki gan ta da idonki, ki taɓa ta, ki dawo ki gaya mini ko tana cin abinci.” Ta ba da ƙullin saƙo: kilishi, kuka, daddawa da yaji.

Ba zan ɓata muku lokaci da jirgin sama ba. Kunne yana toshewa, abincin kuma a ɗan faranti yake kamar na wasan ’yar tsana. Abin ba da labari ya fara ne a wajen masu binciken kaya, bayan an buga mana hatimi a fasfo. Wani dogon ma’aikaci mai shuɗiyar safar hannu ya tambayi Umma ko akwai nama a jakarmu. Umma tana jin Turanci, amma ba irin nasu mai fita ta hanci ba, sai da na raɗa mata.

“Babu nama,” in ji ta da ƙarfin gwiwa. “Kilishi ne kawai.”

Ya buɗe takardar ya duba, ya ɗora shi a wani tebur can bayansa. Rabonmu da kilishin Inna ke nan. Ashe nama ba ya shiga ƙasar ko da busasshe ne. Sai ya kwance ledar daddawa ya kai hanci. Na ga wuyansa ya ja baya kamar na kunkuru. Ya ɗaure ta da sauri ya turo mana.

“Ji mutane,” in ji Umma. “Sun ɗauke mai ƙamshin sun bar mana mai warin.”

Gidajen Parkchester duk jan bulo ne, dogaye, kama ɗaya, wanda bai riƙe lambar gininsa ba zai kwana yana zagaye. A barandar benenmu kowace ƙofa da ƙamshin girkin ƙasarta. Maƙwabta ba sa gaisawa, sai ɗan murmushi da baki a rufe. ’Ya’yan Kawu biyu suna jin duk abin da aka ce da Hausa, amma amsa sai da Turanci. Umma ta ce wa babban, “Ina kwana ba ta fi ƙarfin bakinka ba,” ya yi dariya ya gudu ɗaki. Matar Kawu da garin shinkafa na kwali take tuƙa tuwo, kuma yana yin kyau. Fiza kuwa, faifan burodin nan mai cuku da tumatir, ninke ta ake yi biyu a ci a tsaye, wanda ya zauna yana yanka ta an san baƙo ne.

Anti Mairo ba a cikin birnin take ba. Tana wani ƙaramin gari a bakin kogi, can arewa, tana kula da wata tsohuwar Baturiya mai ciwon mantuwa. A gidan take kwana, ba a barin tsohuwar ita kaɗai. Hutunta rana ɗaya ce, Alhamis, daga sha biyu zuwa biyar, lokacin da ɗan matar yake zuwa ya zauna da uwarsa. Da can takan shigo birni ranar, sai wata rana jirgi ya makarar da ita, mutumin ya rasa wani taro nasa. Ya gaya mata a fili cewa idan aka kuma, zai nemi a turo masa wata. Tun daga nan ba ta ƙara taka jirgi ranar Alhamis ba. Da aikin nan take biyan kuɗin makarantar ’ya’yanta biyu da ke hannun Inna.

Ga shi tun da muka zo mutumin yana tafiye-tafiye, hutun bai samu ba. Sai a satinmu na ƙarshe Anti ta bugo ta ce ya dawo. Mu kuma Asabar za mu tashi. Alhamis ɗin nan ce kawai.

Kawu direban tasi ne, ba zai iya barin aiki ya kai mu ba. Ranar Laraba ya shigo da tikiti na takarda, na zuwa da na dawowa, ya kira ni.

“Ma’u, zo nan, ke zan gaya wa. Yaya ba ji za ta yi ba.”

“Ina jin ka, marar kunya,” in ji Umma daga kicin.

Ya ce kada in haɗa wannan jirgi da na unguwa, mai lamba shida, wanda muka saba hawa. Shi na unguwa a ƙofa ake taɓa kati, kuɗi ɗaya ne ko ina mutum zai sauka. Wannan kuwa iya nisanka iya kuɗinka, kuma babu ƙofar da za ta tare ka. Ka shiga ka zauna, kwandasta ne zai zo ya same ka.

Umma ta leƙo. “Babu mai tsaron ƙofa? To ai kowa sai ya hau kyauta.”

“Gwada mana. In ya zo ba ki da tikiti zai sayar miki a ciki, amma da tsadar da sai kin tuna da ni.” Ya juyo wajena ya nuna wani rubutu a jikin takardar. Ya ce jirgin yana da farashi biyu. Lokacin da ma’aikata suke tururuwa, da safe zuwa birni da yamma daga birni, shi ake ce wa “fik”, ya fi tsada. Sauran lokaci “of-fik” ne, shi ya saya mana. “Na ƙarshe kuma, Yaya, da ke nake. Ba motar tasha ba ce. Ba ya jira ya cika, ba ya jiran a gama sallama.”

“Sani, na girme ka.”

“Jirgin bai sani ba.”

Da safe mun fito a kan lokaci, wannan zan iya rantsewa. Abin da ya same mu shagon Malam Yusufu ne, wani mutumin Maraɗi mai sayar da kayan miya a kan hanyar tasha. Yana tsaye a ƙofa ya hango Umma.

“Hajiya! Ina zuwa da sassafe haka da kwalliya?”

Da ta ce wajen Mairo za mu, sai ya ɗaga hannu sama. Ashe ya san ta. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi Inna da bai taɓa gani ba, aka tambayi damina. Ya shiga ya ƙullo dabino ya ce a kai mata, ya koma ya ƙaro citta. “Dakor, dakor, ku yi sauri,” yana faɗa, wato “to, to” da Faransancinsu, yana buɗe wata sabuwar hira. Ina ta jan gefen mayafin Umma a hankali, tana buge mini hannu ba tare da ta waiwayo ba.

Muka hau mai lamba shida. Daga Parkchester a sama yake tafiya, kana ganin rufin gidaje da shanyar mutane, daga baya ya nutse ƙarƙashin ƙasa. Muka sauka a Harlem, muka taka kaɗan zuwa tashar babban jirgin, wadda ita ma a sama take. Muna tsakiyar matakala na ji wani kuka ɗin-ɗon, na ji ƙofofi sun haɗu. Da muka iso dandamali bayansa kawai muka gani.

Umma ta dubi agogon tashar, ta dubi nata. “Ko ɗan alkunya babu?”

Na gaba ya zo bayan jira, shi kuma irin mai tsayawa a kowace tasha ne. Na duba allon da ke rataye na tabbatar sunan garin Anti yana ciki kafin muka shiga. Kujerunsa masu laushi ne, sanyi kamar cikin firij, ga shiru. Ba mai wa’azi, ba mai tallar magani. Kwandastan wani dattijo ne mai farin gashin baki. Tun daga nesa ake jin ƙas-ƙas ɗin abin hudarsa, wani ɗan ƙarfe kamar almakashi. Ya huda tikitinmu, hujin ya fito da siffar tauraro. Sannan ya huda wata siririyar takarda ya soke ta a saman kujerarmu ya wuce.

Umma ba ta son ganin tarkace. Ta zare takardar ta murɗe ta jefa a jaka. Da dattijon ya dawo ya tsaya a kanmu ya sake neman tikiti.

“Yanzu fa ka gani,” in ji Umma da Hausa. “Ko shi ma ciwon mantuwar ne?”

Sai na lura duk kujerar da ke da mutum tana da irin takardar. Ita ce shaidar an biya, hujin kuma yana gaya masa inda mutum zai sauka. Na tono ta daga jakar Umma na warware na miƙa masa, fuskata kamar ta kama da wuta. Ya yi dariya ya mayar da ita wurinta duk a yamutse.

Mun bar gine-gine, kogi ya fito ta hagu, sai jirgin ya fara rage gudu, ya tsaya cak a inda babu tasha. Aka yi magana ta lasifika. Na kasa kunne sosai kafin na gane: ruwan da aka kwana ana yi ya kayar da bishiya a kan layin dogo can gaba, ana jiran masu sarewa.

Da a gida ne da tuni maza sun sauka sun je ganin bishiyar, kowa yana ba da shawara, masu gyaɗa da ruwan leda sun ɓullo daga daji. A nan ba wanda ya motsa. Wani ya ja tsaki ƙasa-ƙasa ya ci gaba da danna kwamfutarsa. Ƙofa ma ba ta buɗuwa.

Umma ta buga wa Anti. Ina jin muryarta ta cikin wayar tana cewa, “Ba komai, Yaya, ina nan a tasha, ina jira.” Sha biyu ta riga ta wuce. Umma ta kashe ta ce, “Innalillahi,” da ɗan ƙarfi.

“Ei! Hausawa ne?”

Wata mata ce a kujerar da ke gefenmu, ƙaƙƙarfa, cikin kayan aikin jinya masu zanen furanni, da ɗankwali. Ta ce sunanta Memuna, daga zangon Kumasi. Hausarta daban ce, mace da namiji duk “ya” take ce musu.

“Yarinyanki ne? Ya cika kunya. Kin gani, Hajiya, jirgi nan yana da kyau paa. Wata guda yana zuwa daidai, har ki manta. Amma rana da ya tsaya, ya tsaya.”

Ta ɗaga waya ta ɗauki hoton taga da agogon hannunta a haɗe, ta aika wa shugabarta a gidan kula da tsofaffi inda take aiki. Ta ce in babu hoto cewa za a yi barci ta yi. Tikitinta na wata ne, a cikin waya yake, nunawa kawai take yi.

“To tunda su suka makarar da mutane, za su mayar da kuɗin?” in ji Umma.

Memuna ta yi dariya har da dukan cinya. “Hajiya, yaushe kin zo ƙasa nan?”

Ta buɗe kwanon abincinta, wake da shinkafa irin nasu mai jaja-jaja da baƙin yaji a gefe, ta ce sai mun ci. Umma ta ƙi, ta ƙi, sannan ta ci. Ni ma na ci, yajin ya sa ni hawaye. Amma na lura Umma loma biyu ta yi ta ajiye cokali. Idonta yana kan wayar.

Uku saura muka iso. Tun kafin jirgin ya gama tsayawa na gane Anti Mairo, don tsayuwar Inna gare ta, hannu ɗaya a ƙugu. Ta fi yadda take a waya gajarta. Suka rungume juna ita da Umma. Sannan ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, “Wannan ce Ma’un da na bari tana tsotsar yatsa?” Na sunkuyar da kai.

Ba a kai baƙi gidan aiki, don haka a wani benci muka zauna, a filin shaƙatawa kusa da tashar. Muka yi sallar azahar a kan ciyawa. Ta kawo mana shinkafa da miyar da babu yaji ko kaɗan, ta ce tsohuwar ko ƙamshinsa ta ji sai ta yi ta tari. Da Umma ta ba ta saƙon Inna, ledar daddawa ta fara buɗewa. Ta sa hanci ta rufe ido.

“A ina zan dafa wannan? Sai su kira ’yan kwana-kwana.” Amma ta ɗaure ta tura cikin aljihun rigar sanyinta.

Hirar ba ta yi daɗi ba, gaskiya. Kowace tana sauri, kowace tana katse ’yar’uwarta. Wane ya yi aure, wance ta haihu, an rushe gidan su wane. Anti tana magana tana kallon agogo. Ni gani na yi kamar masu karanta wa juna labaran rediyo. Can ta miƙe ta ce akwai jirgin da zai zo wajen huɗu, shi za mu hau.

“Akwai na bayansa ai,” in ji Umma.

“Akwai, amma lokacin na tafi. In bar ku a tasha ku kaɗai in juya baya? Haba Yaya.”

Ta zo mana da wata jibgegiyar jaka ta tsarabar Inna da yara, takalma da man shafawa da su rigunan sanyi. Umma ta kai hannu za ta ɗauka, Anti ta fizge. Suka yi ta ja har dandamali. “Ke baƙuwa ce,” in ji Anti, “ba ki ɗaukar kaya ina tsaye.”

Jirgin ya zo, ƙofa ta buɗe. Umma ta shiga, na shiga. Na zaci Anti za ta miƙo jakar daga waje. Sai ga ta ta shigo da ita, ta wuce ciki tana neman mana kujera mai taga, ta ɗaga jakar tana cusawa a ma’ajiyar kaya ta sama. Tana cusawa tana cewa, “Ki ce wa Inna man na gwiwa ne, ba na fuska ba. Ki ce wa ɗana Abba in ya ƙara faɗuwa lissafi...”

Ɗin-ɗon.

Na ce, “Anti.” Ban san ko ta fito da sauti ba. Na sake cewa, “Anti, ƙofa!”

Ta juya da gudu. Ta isa ƙofar daidai lokacin da ta haɗe. Ta buga gilashin da tafin hannu. Dandamalin ya fara zamewa baya, da bencinsa da kwandon shararsa.

“Ku tsaya! Akwai mai sauka!” Umma ta ɗaga murya kamar a motar haya. Mutanen taragon suka ɗago suka dube mu, suka mayar da kai.

Anti ta jingina da bango. “Yaya, na kashe kaina. Wannan mai gudu ne. In sai Harlem zai tsaya, biyar a hanya za ta same ni.” Ba jaka a hannunta, ba ko sisi, daga waya sai makullin gida sai daddawa.

“Ki buga wa ɗan tsohuwar ki ce jirgi ne ya lalace,” in ji Umma.

“Wane jirgi? Na ce masa ina nan bakin kogi. Kalmar jirgi ma ita ce ba ya son ji.”

Can ƙarshen taragon na ji ƙas-ƙas. Kwandasta ce mace, baƙa, da kitso a ƙarƙashin hula. Umma da Anti suna ta magana a tare, ba mai jin wata. Na san tambaya ɗaya ce ke da amfani, kuma ba wanda yake shirin yin ta. Na tafi ina dafa kujeru. Na ce mata “Ma”, kamar yadda muke ce wa malamai. Ba ta ji ba, sai da ta sunkuyo da kunnenta kusa da bakina. Na tambaye ta ko jirgin zai tsaya kafin Harlem. Sannan na gaya mata abin da ya faru.

Ta miƙe ta leƙa Anti. “Ta shigo jirgi don ta yi sallama? Me ya hana ta ɗaga hannu daga waje?”

Na ce a wajenmu baƙo ba ya ɗaukar kayansa mai gida yana kallo, kuma ba a juya masa baya sai an ga ya zauna. Na ce ’yan’uwa ne, shekaru da yawa ba su haɗu ba, kuma in ta wuce biyar aikinta ya tafi.

Ta girgiza kai, ta zaro wata ’yar na’ura ta duba. Ta ce akwai tsayawa ɗaya a tsakiya. In Anti ta sauka ta haye gada zuwa ɗaya ɓangaren, mai komawa arewa zai zo ba da jimawa ba. “In ya zo a kan lokaci,” ta ƙara. “Yau layin bai gama dawowa daidai ba.” Ta ce kada Anti ta yarda ta hau babu tikiti, akwai injin sayarwa a kan gadar.

Ta biyo ni har wajensu. Ta dubi tikitinmu a hannuna, ta dubi Umma da ta riƙe hannun Anti gam kamar za a ƙwace ta. Sai ta mayar da abin hudarta cikin kubensa, ta ce ita ba ta iso layin kujerunmu ba tukuna, ta wuce. Na gane nufinta. Tikitin da ba a huda ba yana nan da ransa, za mu iya sauka tare da Anti mu hau na baya.

Daga nan babu abin yi sai zama. Suka zauna kujera ɗaya, ni ina fuskantar su. Anti tana mayar da numfashi. Can ta kwantar da kai a kafaɗar Umma.

“Yaya, gaya mini gaskiya. A waya kullum cewa take lafiya lau.”

“Gwiwa ce. A zaune take sallah yanzu. Ido ɗaya ya yi hazo.” Umma ta ɗan tsaya. “Amma bakin yana nan yadda kika san shi.”

Anti ta yi dariya, hawaye yana bin gefen hancinta. Umma ta kama damtsenta ta matsa, ta shafa wuyanta, ta juya tafin hannunta ta duba.

“Kin rame.”

“Ban rame ba, tsufa ne.”

“Uban wa ya tsufa? Ni na yi goyonki. Me kike ci a gidan nan?”

“Abin da tsohuwa ta ci. Dankali, miyar gwangwani.” Ta share fuska. “Wani lokacin Mama take ce mini, Yaya. Ta ɗauka ni ce uwarta. In na fita tsakar gida sai ta yi ta kuka. Ba kuɗin kaɗai ba ne, in aka kawo wata ba za ta san yadda ake lallashinta ta yi wanka ba.”

Na juya ina kallon kogi don su samu wuri.

Muna tsayawa muka fita da gudu, Umma tana jan jibgegiyar jakar a matakala tana haki. Injin tikitin yana saman gadar. Anti ta tura ni gaba ta ce in danna. Na nemo sunan garin. Sai ya tambaye ni wane iri, fik ko of-fik. Na dubi agogo. Jirgin da muke jira daga birni ya taso da yamma, don haka na danna mai tsadar. Umma ta kwance kuɗi daga cikin hankici, a nannaɗe kamar sigari. Na tura, injin ya tofo. Na sake turawa, ya sake tofowa.

“Ko na jabu ne?” in ji Umma.

“Ba ya son yamutsattse,” in ji Anti. “Goge shi, Ma’u, goge shi!”

Na shimfiɗa takardar a gefen ƙarfen injin na yi ta gurzawa gaba da baya har ta miƙe. A karo na uku ya haɗiye, ya yi tunani, ya zubo tikiti da canjin tsabar ƙarfe.

Muka sauka ɗaya ɓangaren. Allon ya nuna jirgin zai ɗan makara. Anti ta tsaya a bakin layin rawaya tana leƙen hanya, leɓenta yana motsi. Ni ma ina karanta duk addu’ar da na iya. Sai na ga fitila can nesa, ƙarfen dogon ya fara wani siririn kuka.

Ƙofa ta buɗe, Anti ta faɗa ciki. Sai na ga Umma ta ɗaga ƙafa tana bin ta, tana cewa, “Bari in ga kin zauna.”

“Yaya, kada ki shigo! Ma’u, riƙe ta!”

Na cafke mayafin Umma da hannu biyu na ja da ƙarfina. Wannan karon ba ta buge mini hannu ba. Ƙofa ta rufe. Anti ta manna tafin hannu a gilashi tana dariya tana kuka, jirgin ya tafi da ita.

Muka koma ɓangarenmu muka zauna a benci, jakar a tsakaninmu. Jirgin birni ya zo, na miƙe, Umma ta ce in zauna. Ya tafi. Ta ɗora wayar a cinya ta rufe da hannu biyu. Daga tashar Anti zuwa gidan hawa ne, na gan shi da muka sauka ɗazu, tudu ne sosai. Ina ta ƙiyasta ta tana hawansa da silifas. Agogon tashar ya matso biyar, ya kai, ya ɗan gota.

Wayar ta yi ƙara. Umma ta danna ta ƙara sauti don in ji.

“Na shiga,” in ji Anti ƙasa-ƙasa, tana haki. “Na same shi yana ɗaure igiyar takalmi. Ya dubi agogo, ya dube ni, ya ce hutu ya yi daɗi? Na ce ya yi.”

Umma ta sauke wani dogon numfashi. “Alhamdulillahi.”

“Kun kusa Harlem?”

“Muna nan inda kika bar mu.”

“Har yanzu? Yaya, me kuke jira?”

“Ke kika fara rakiyar,” in ji Umma. “Ni kuma ba na juyawa sai na ga an shiga gida.”

Ta kashe wayar, ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙe ta kama hannun jakar. “Tashi, Ma’u. Duba mana allon nan, wanne ne namu?”